Yawon girki a Wahaka ta Meksiko: wa ke koyarwa, wa ke karɓar kuɗin?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Hajiya Babba ta ce in daina ba da labarin nan gutsi-gutsi ta waya, in rubuta shi a nan kowa ya sa baki. Akwai wani irin yawo da ake shiryawa a ƙasar Meksiko wanda babban kuku ke jagoranta. Kuku zai ɗauki mutane 'yan kaɗan, ya shiga da su kasuwa ya nuna musu kayan miya, ya kai su gidajen ƙauye a yi girki tare, sannan a zaga wurin masaƙa da magina tukwane. Ni na bi irinsa a jihar Wahaka, wadda suke rubutawa Oaxaca, can kudancin ƙasar. Mu da ke zaune a Houston ba ta yi mana nisa a jirgi ba.

Wadda ta jagorance mu mace ce, kuma ta iya aikinta, ba ni da abin cewa a kanta. Amma tun da na dawo abu ɗaya ke yi mini yawo a kai. Duk abin da na riƙe daga tafiyar nan, a hannun matan ƙauye na gan shi.

Bari in ba ku misali da baƙar miyarsu, mole negro. Wahaka ta yi suna da miyar mole kala bakwai, wannan ce babbarsu, ita ake dafawa a biki da rasuwa. A tsakar gidan wata dattijuwa 'yar ƙabilar Zapotek muka yi ta. Ta ɗora faffaɗan kaskon yumɓu a murhu, ta gasa busasshen barkono mai suna chilhuacle har ya yi duhu, ta zazzage 'ya'yan ta ƙona su ƙurmus, hayaƙi ya turnuƙe wurin kowa ya kama tari, ita ko a jikinta. Ta jiƙa ƙonannun 'ya'yan a ruwa don ɗacin ya fita. Daga nan kowane abu da nasa lokacin a wuta: riɗi, gyaɗa, busasshen inabi, agada, tumatir, albasa, tafarnuwa, kirfa, kanumfari, masoro, burodi, har da ƙonanniyar tortiya, wato siririyar wainar masara da suke gasawa a kasko. Kayan haɗin kan kai wajen talatin. Ta durƙusa gaban dutsen niƙa ta markaɗe su, sai can ƙarshe aka jefa cakulan. Ba ta auna komai ba. Da hanci take sanin riɗin ya yi, kafin ido ya ga ya sauya kala.

To tambayata: kuɗin yawon nan ba kaɗan ba ne. Idan ilimin na matan nan ne, daidai ne a ce kuku ce sunanta ke kan talla, ita ke karɓar kuɗin a dunƙule? Ko kuwa ni ce ban ga girman aikin da ta yi ba?

Hajiya Babba:
Wa alaikumus salam. Yawwa 'yata, haka ya fi. Ni dai tun da kika turo hoton tsohuwar nan a gaban dutsen niƙa nake kallonsa. Ku yi magana, ina saurare.

Baban Yara:
Maman Biyu sannu da dawowa. Kafin a kai ga wa ya ci kuɗin wa, ni wata tambaya ce ta fi damuna. Ƙasar nan an san ta da alade da giya. Ta yaya Musulma za ta shiga gidajen mutane ana girki ta tsira? Ba zarginki nake ba, sani nake so. Kuma gaskiya a ganina kuɗin irin wannan tafiya da Umara aka yi da shi ya fi.

Maman Biyu:
Baban Yara tambayarka a kan hanya take, kuma ba zan rufe komai ba. Naman alade da ido ke gani ba shi ne matsalar ba, wannan kowa zai kauce masa. Kitsensa ne matsalar. Suna kiransa manteca, kuma yana shiga inda ba ka zato: a cikin dafaffen waken da aka soya, a cikin ƙullin masarar da suke turarawa a ganye, har ita molen sau da yawa da shi ake soya ta. Akwai kuma tlayuda, ƙatuwar tortiya mai ƙaras-ƙaras da ake shafa wa wake a zuba cuku da kabeji. Kafin waken, abin da ake fara shafawa shi ne asiento, wato gyauron kitsen aladen da ya kwanta a gindin tukunya. Wanda bai sani ba zai ɗauka abincin ganye ne zalla ya ci.

A nan kam dole in yaba wa kukun. Tun kafin in biya na rubuta mata abin da ba na ci. Ta kira kowane gida da za mu shiga tun da wuri. A gidan dattijuwar nan da man girki aka soya molen gaba ɗaya saboda ni, aka kuma ɗebar mini nawa kafin a zuba romon talotalo. A kasuwar 20 de Noviembre akwai wani lungu da suke kira lungun hayaƙi, inda ake gasa nama a jere. Naman sa da na alade a kan waya ɗaya ake gasa su. Ita ta ja ni gefe ta gaya mini, ta kai ni wani wurin na ci abin da hankalina ya kwanta da shi. Ranar da aka tafi Santiago Matatlán, garin da ake dafa giyarsu ta mezcal, ban bi su ba.

Kukun Abuja:
To Anti, ai kin amsa rabin tambayarki da bakinki. Ni aikina ke nan, girki, don haka bari in tsaya wa 'yar uwata. Wa ya buɗe miki ƙofar gidan dattijuwar nan? Da kin sauka daga jirgi ke kaɗai, ba Sifaniyanci, ba Zapotek, wa zai ce miki bismillah shigo tsakar gida? Yardar da ke tsakanin kukun da gidan ba a rana ɗaya aka gina ta ba. Ita ta san gidan da ruwansu ke da tsabta, ita ta san wadda ta iya koyarwa da wadda ta iya girki kawai. Ita ce tafinta, ita ce mai ɗaukar nauyi idan cikin wani ya ɓaci. Mota, masauki, cefane, duk a cikin kuɗin nan suke. Kuma chilhuacle ɗin da kika ambata ba barkonon banza ba ne, a wani ɗan yanki na jihar mai suna La Cañada ake noma shi, ya yi ƙaranci, yana da tsada. Wani ne ya saye shi kafin a ƙona shi a gabanki.

Baban Yara:
Na ji bayanin kitsen, Allah ya saka. Amma Kuku, duk abin da ka lissafa aikin dillali ne. Dillali yana da la'adarsa, ba wanda ya hana. Abin da Maman Biyu ke tambaya shi ne ko la'adar ta fi kuɗin kayan.

Kukun Abuja:
Yallaɓai ban yarda kuku dillali ba ne kawai. Kuma rabon nan da muke yi, kuku a gefe ɗaya matan ƙauye a ɗaya gefen, bai zauna daidai a Wahaka ba. Ku nemi labarin Abigail Mendoza. 'Yar Zapotek ce daga Teotitlán del Valle, ita da 'yan uwanta mata ke riƙe da gidan abinci mai suna Tlamanalli a ƙauyensu, a kan dutse take niƙa har yau, kuma duniya ta san ta da sunanta. Ku duba Thalía Barrios, wadda ta taso a wani ƙauye cikin duwatsun jihar. Gidan abincinta Levadura de Olla ya samu tauraron Michelin, lambar yabo da ake ba fitattun gidajen abinci, a 2024, shekarar da aka fara ba da shi a Meksiko. Abincin gidansu take dafawa. To wannan a wane gefe za ku sa ta?

Kuma lokacin da UNESCO ta sa girkin gargajiyar Meksiko cikin kayan gadon duniya a 2010, ba manyan otal aka kafa hujja da su ba. Matan ƙauyukan jihar Michoacán aka yi misali da su, da gonarsu, da murhunsu. Manyan kuku na ƙasar sun san daga inda suke ɗiba.

Maman Biyu:
Kuku, sanin inda ake ɗiba daban, biyan mai rijiyar daban. Na yarda da kai a kan waɗannan biyun, amma su sunansu ya fita. Dattijuwar da ta koya mana ba ta cikin takardar tsarin tafiyar. Abin da aka rubuta kawai shi ne za a ziyarci wani gida a yi girkin gargajiya. Wannan ne ya tsaya mini a rai.

Malamin Gona:
Ku yi haƙuri in ɗan karkata, don akwai abin da nake jira Maman Biyu ta ambata. Hajiya, kin ga yadda suke sarrafa masarar kafin niƙa?

Maman Biyu:
Na gani Malam. Da yamma ake dafa ta sama-sama da wani farin gari, a bar ta ta kwana a ruwan. Da asuba a wanke, ɓawon na saluɓewa a hannu, sai a niƙa ta da danshinta. Ƙullin yana haɗuwa ya yi danƙo, ba ya wargajewa. Ƙamshinsa ma daban ne.

Malamin Gona:
To wannan shi ne babban abin da ke cikin tafiyarki, a wurina ya fi molen. Masarar da muke tuwo da ita asalinta daga can ne. Wajen shekara 9,000 da suka wuce mutanen kudancin Meksiko suka fitar da ita daga wata ciyawa mai suna teosinte. A kogon Guilá Naquitz, kusa da Mitla a cikin jihar da kika je, an tono totuwar masara da ta haura shekara 6,000. Har yau ƙasar na da nau'in masara na asali 59, fara, rawaya, ja, shuɗiya, kuma a 2025 sun sa a tsarin mulkinsu cewa ba za a shuka masarar da aka sauya wa ƙwayar halitta ba.

Farin garin da kika gani farar ƙasa ce da aka samu daga ƙonannen dutse. Wasu da tokar itace suke yi. Aikin suna kiransa nixtamal. Ga amfaninsa: masara tana da bitamin B3, amma a ɗaure yake, jiki ba ya iya ɗaukarsa. Dafa ta da farar ƙasa ko toka shi ke kwance shi. Yana ƙara mata kalsiyam, yana kuma rage gubar aflatoksin da ke kama hatsin da bai bushe da kyau ba.

Da Turawan Sifaniya suka ɗauki masara suka watsa ta duniya, irin suka ɗauka, dabarar suka bari. Sakamakon haka talakawan da masara ta zame musu ci yau ci gobe suka kamu da cutar pelagra: fata ta yi kaushi ta daddare inda rana ke dukanta, ga gudawa, ga ruɗewar hankali, ƙarshe mutuwa. Ta yi ɓarna a arewacin Italiya a ƙarni na 18 da na 19, ta yi a jihohin kudancin ƙasar Amurka a farkon ƙarni na 20, kuma har yanzu tana ɓulla a wasu sassan Afirka idan yunwa ko gudun hijira ta sa mutane dogara da masara kaɗai. Mu abin da ke taimakonmu shi ne muna haɗawa da wake da gyaɗa da miyar ganye. Matan da ba su shiga aji ba su suka riƙe wannan ilimi dubban shekaru kafin likitoci su gano dalilinsa. Don haka a tambayarki ina gefenki, Hajiya.

'Yar Damagaram:
Ikon Allah. Malam, kanwa ba za ta yi wannan aikin ba? Mu nan ita ce a hannu.

Malamin Gona:
Kanwa tana da kaifi, amma bai kai na farar ƙasa ba, kuma ba ta ƙara kalsiyam. Tokar itace mai tsabta ita ce hanyar da aka sani tun da. Idan farar ƙasa ce, sai wadda aka tanada don abinci, kada a ɗebo ta wurin masu gini. Awon da aka saba shi ne kamar giram 10 ga kilo ɗaya na masara. A dafa har ɓawo ya fara saki, a bar ta ta kwana, a wanke sosai.

Ɗan Maigatari:
Ni tun ɗazu nake jira a zo kan zoɓo. Hajiya, kin sha?

Maman Biyu:
Kullum! Agua de jamaica suke ce masa, a manyan tuluna na gilashi ake jera shi a kasuwa, kusa da ruwan tsamiya. Nasu bai cika kayan yaji ba, sukari ne kawai da ƙanƙara.

Ɗan Maigatari:
To mai yiwuwa namu kika sha. Meksiko ce babbar mai sayen zoɓon Najeriya, abin da suke nomawa ba ya isarsu. Daga Jigawa da maƙwabtanta ake tara shi, a kai Kano a tsince a cika kwantena. Kuma abin da kike faɗa a kan matan can shi ne a nan. Matan da ke ɓare zoɓo, ƙaiƙayinsa na cin hannunsu, su ne mafi ƙarancin samu a duk layin. Ina cikin harkar, da bakina nake faɗa.

'Yar Damagaram:
An ce suna cin fara ma?

Maman Biyu:
Sosai, ƙanwata. Chapulines. A kasuwar Benito Juárez mata ne zaune da kwanduna cike, an ware manya an ware ƙanana. A kasko ake gasa ta da tafarnuwa, gishiri, barkono da lemun tsami. Turawan da muke tare sai da kukun ta lallashe su, ni kuwa na sayi ƙunshi guda ina tafe ina ci. Matar da ta sayar mini ta riƙe hannuna tana tambayar daga ina nake.

Ustaz:
Assalamu alaikum. Tun da an taɓo halal da haram bari in ce wani abu a taƙaice. Fara halal ce, hadisi ya zo cewa an halatta mana mushe biyu, kifi da fara. Kitsen alade hukuncinsa hukuncin namansa ne, kuma abin da Hajiya ta yi na tambaya tun kafin tafiya shi ne daidai. Naman sa da na akuya a ƙasa irin wannan, malamai sun yi saɓani a kan yankan Ahlul Kitabi na wannan zamani, wanda ya tsaya a kan kifi da wake da ƙwai ya fita daga shakka. Zama a teburin da ake zagaya giya an hana, don haka ƙin zuwa garin giyar nan ya yi kyau. Tafiya don ganin yadda Allah ya shimfiɗa bayinsa da arzikinsu ba laifi ba ce idan an kiyaye salla da iyakoki. Baban Yara, Umara alheri ce babba, amma ba a rufe wa mutum sauran ƙofofin halal saboda ita.

Baban Yara:
Na karɓa, Malam.

Ɗan Ƙofar Mata:
Hajiya a zo kan rini don Allah, mu ma a ba mu namu. Na ji an ce da ƙwaro suke rina ja.

Maman Biyu:
Gaskiya ne Malam. A Teotitlán del Valle kusan kowane gida da masaƙa, dardumar ulu suke saƙawa. Ƙwaron sunansa cochinilla, yana rayuwa a jikin wata shuka mai faɗin ganye da ƙaya da suke kira nopal. Idan ka gan shi a jiki sai ka ce farar hoda ce aka barbaɗa. Matar gidan ta ɗauki busasshe guda ta murje a tafin hannuna, wurin ya yi ja jawur kamar jini. Ta matsa lemun tsami a kai, nan take ya koma ruwan goro. Ta barbaɗa wani farin gari mai kaifi a gefe, ya koma shunayya. Abu ɗaya, kala uku, a hannuna ina kallo. Sai an tara wajen ƙwaro 70,000 kafin a samu abin da bai kai rabin kilo ba. A zamanin mulkin Sifaniya, bayan azurfa babu abin da ake fitarwa daga ƙasar da ya kai shi kawo kuɗi.

Shuɗi kuwa da baba suke yi, añil. Daga wani gari mai suna Niltepec ake kawo shi a dunƙule. Da ta ciro zaren daga tukunya kore ne, yana shan iska yana komawa shuɗi.

Ɗan Ƙofar Mata:
Allahu Akbar, wannan kam aikinmu ne sak. Haka yake fitowa daga karofi, kore, iska ce ke juya shi. Marinarmu tun 1498 take, kuma ciwon da ke cinmu na san yana cinsu: rinin kanti. Mai rinin kanti zai gama cikin awa ɗaya ya sayar da araha, ya ce wa baƙo na gargajiya ne. Su ma ana yi musu haka?

Maman Biyu:
Ana yi. Kuma ga wani abin da ya shafi tambayata. Sananne ne a can cewa direbobi da 'yan jagora da yawa suna kai baƙi manyan shaguna na bakin hanya ne, inda ake ba su kamasho a kan duk abin da aka saya. Ƙananan masaƙa na cikin gari ba a isa gare su. Kukunmu cikin gari ta kai mu, kuma hannu da hannu na ba matar kuɗinta. Ban nemi ragi ba. Na ga an wanke ulun, an shiɓe, an kaɗa, an rina, sannan a hau masaƙa makonni. Bakina ya kasa furta a rage.

Hajiya Babba:
A nan kam ban bi ki ba, 'yata. Ciniki ba zalunci ba ne. Mai kaya ya faɗi nasa, ke ki faɗi naki, a haɗu a tsakiya, kowa ya ce albarka. Idan baƙi suka riƙa biya ba tayi, gobe 'yan garin ba za su iya sayen kayan garinsu ba.

Maman Biyu:
Hajiya ina neman afuwa, amma a gidan masaƙiya ba kasuwa ba ce. A kasuwar Lahadi ta Tlacolula na yi tayi, don can wurinsa ne. Sai dai maganarki ta biyu gaskiya ce, kuma mutanen birnin Wahaka da kansu suna kuka da ita. Haya ta yi tsada a tsakiyar gari saboda gidaje sun koma masaukin baƙi, ga ƙarancin ruwa, unguwanni na sayen ruwan tanka. Ni ma ina cikin baƙin da suka je, na san da haka.

Ɗan Ƙofar Mata:
Su aƙalla suna da bakin magana. A 2015 mutanen Santa María Tlahuitoltepec, 'yan ƙabilar Mixe, sun fito fili sun ce mai zanen kaya ta Faransa Isabel Marant ta kwafi aikin rigar matansu, duniya ta ji. A 2022 ƙasar ta kafa dokar kare kayan gadon ƙabilun asali da na baƙaƙen fatar Meksiko. Mu nan ana buga zanen rininmu a atamfar waje a dawo mana da shi, ba mai cewa uffan.

'Yar Damagaram:
Akwai baƙaƙen fata a Meksiko?

Malamin Gona:
Akwai. A ƙidayar 2020 kimanin mutum miliyan 2.5 ne suka ce su jinin Afirka ne. Da yawansu suna gaɓar tekun Costa Chica, tsakanin Wahaka da Guerrero, wasu a Veracruz. Zuriyar bayin da aka kai ne zamanin Sifaniya.

Kukun Abuja:
Anti tukwanen fa? Ni su nake so in ji.

Maman Biyu:
Mun je San Bartolo Coyotepec, garin baƙar tukunya. Da can tukwanensu toka-toka ne marasa sheƙi, na ɗiban ruwa. A shekarun 1950 wata mata da ake kira Doña Rosa ta gano cewa idan aka goge tukunya da farin dutse mai santsi kafin ta gama bushewa, aka kuma rage mata wuta, sai ta fito baƙa wuluk tana ƙyalli. Wannan ya ɗaga garin. Amma mai ƙyallin ado ce kawai, ba ta riƙe ruwa. Na girki jan yumɓu ne, irin na matan San Marcos Tlapazola, su ke gina kaskon da ake gasa tortiya. Shi na sayo, ƙarami, na naɗe shi cikin kaya. Gumakan itace masu fenti da suke kira alebrijes na kalla dai na wuce.

Baban Yara:
Wannan duk jiha ɗaya ce. Sauran ƙasar fa, haka abincin yake?

Kukun Abuja:
Ko kusa, Yallaɓai. Puebla tana da nata molen, mai ɗan zaƙi, da tangaran ɗin Talavera. Yucatán sun fi ƙarfi a alade da ake gasawa a rami cikin ganyen ayaba, can Musulmi zai fi shan wuya. Veracruz bakin teku ce, kifi da tumatir da zaitun, ita za ta fi mana sauƙi. Arewa kuma naman sa ne da tortiyar alkama. Tacos al pastor da ake ji, daga shawarmar mutanen Labanon da suka yi ƙaura can ta samo asali, amma yanzu da alade ake yi, kada tsayuwar naman a jikin ƙarfe ta ruɗi mutum.

Anti, na sake tunani a kan maganar sunan dattijuwar. Wannan kina da gaskiya. Ni ma a kicin ɗinmu akwai matar da ke yi mana daddawa da man shanu, baƙi na yaba miyar, sunana ake kira. Amma har yanzu ina kan cewa maganin ba shi ne a cire kuku ba. Wanda zai biya ya yi tambaya kafin ya biya.

Maman Biyu:
To wace tambaya, Kuku? Faɗa don masu niyya.

Kukun Abuja:
A tambaya ko ana biyan gidan da aka shiga kuɗin koyarwa daban, ko cefane kawai ake yi musu. A tambaya ko jagoran na karɓar kamasho a wurin masaƙa. A tambayi sunan waɗanda za su koyar, idan sun yarda a faɗa. Wanda ke aiki tsakani da Allah ba zai ji haushin waɗannan ba.

Baban Yara:
Ni dai har yanzu ina ganin idan aka ba matan nan waya da tafinta, za su iya karɓar baƙinsu da kansu.

Maman Biyu:
Wasu sun fara, Baban Yara, akwai ƙungiyoyin mata masaƙa a Teotitlán da ke sayar da kayansu da kansu. Amma ni da ke tsoron kitse a kowace loma, da wuya in iya ba tare da wadda za ta yi mini gaba ba. Na tura wa kukun tambayoyin nan uku yanzu, na kuma roƙe ta ta nemi izinin dattijuwar ko za ta yarda a sa sunanta a tsarin tafiya ta gaba. Duk abin da ta amsa zan kawo nan.

'Yar Damagaram:
Yaya, wane lokaci ya fi dacewa a je?

Maman Biyu:
Birnin yana kan tudu, sama da mita 1,500, don haka zafinsa ba ya gallaba, dare kuma akwai sanyi. Damina daga wajen Yuni zuwa Satumba take. A Yuli ake bikin Guelaguetza, farkon Nuwamba kuma bikin tunawa da matattu, duka biyun gari kan cika maƙil, masauki ya yi tsada. Wanda girki ya kai shi ya kauce wa waɗannan. Maganar biza a tuntuɓi ofishin jakadancinsu kafin a sayi tikiti.

Ɗan Ƙofar Mata:
Hajiya idan kin samu sarari ki ɗauko mana hoton dardumar a hasken rana, gaba da baya, ki matso da kyamara kusa da shuɗin. Ina so in nuna wa Baba, shi zai gane ko sau nawa aka tsoma zaren.